Yadda Ake Zaɓen Motar Iyali Ta Hannu Da Taimakon Waya, Har Da Wadda Kamfanin Inshora Ya Sallama

Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, sayen mota ya zama abin da magidanci ke daɗewa yana tara wa kuɗi. Sabuwa dal ta fi ƙarfin mafi yawan mutane, don haka hankali ya koma kan tokumbo da kuma motocin da aka riga aka mora a gida. Da yawa daga cikin tokumbon da ake jerawa a wuraren dillalai a Kano, Kaduna, Abuja da Legas daga Amurka da Kanada suke fitowa. Kaso mai yawa daga cikinsu kuma an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari, aka kawo aka gyara, aka fesa fenti, aka wanke, aka saka a layi.

Wannan ba laifi ba ne a karan kansa. Akwai motar da kamfanin inshora ya sallama saboda ɓarnar da ba ta wuce bamba da fitilu ba, akwai kuma wadda ta kwana a cikin ruwan ambaliya ko ta nannaɗe a jikin turken wuta. A filin dillali duka biyun ƙyalli ɗaya suke yi. Wannan darasi zai nuna yadda ake rarrabe su ta hanyar wayar hannu, lambar casis, da wata ƙaramar na'urar sikanin, tun kafin a ba da kafin alƙalami.

Da farko, wace mota ce ta dace da iyali?

Motar iyali a nan ita ce salun mai ƙofa huɗu, mai ɗaukar mutum biyar, mai but da zai ci kayan tafiya. Kafin mutum ya ƙyasa wata, akwai tambayoyi uku da ya kamata ya amsa wa kansa. Ana samun kayan gyaranta a garin da yake? Akwai makanikin da ya san ta? Zai iya ciyar da ita fetur duk wata ba tare da cefane ya taɓu ba? Waɗannan tambayoyi ne suka sa Toyota da Honda suka mamaye kasuwa. Amma ko a cikinsu kowace shekara da halinta.

Toyota Corolla, 2003 zuwa 2013. Inji 1.8 ne a yawancinsu, ba ta shan mai sosai, kayan gyaranta kuma har a ƙananan garuruwa ana samu. Kujerar baya ce ba ta kai ta Camry faɗi ba. Daga 2014 yawancin waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka giyar CVT gare su, wadda ke da nata man giya na daban. Idan aka zuba mata na gama-gari, giyar ba za ta daɗe ba.

Toyota Camry, 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle. Tana da faɗi da daɗin tafiya mai nisa. Injin 2.4 na 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda matsalar zoben fistin. Injin 2.5 da ya zo daga 2010 ya fi kwanciyar hankali ta wannan fanni. Dashbod ɗin wannan zubi kuma yakan yi danƙo ya tsattsage idan rana ta daɗe tana dukansa.

Honda Accord, 2003 zuwa 2012, wato EOD, DC da Evil Spirit. Mai silinda huɗu ta fi sauƙin riƙo. An yi ta kuka da giyar V6 ta 2003 da 2004, kuma injin V6 bel ne ke tafiyar da tayimin ɗinsa, wanda dole a riƙa canzawa a kan lokaci, alhali mai silinda huɗu sarƙa gare shi.

Hyundai Sonata, 2011 zuwa 2014. Tana da kyan gani, farashinta kuma yakan yi ƙasa da na Camry. Sai dai a 2015 kamfanin ya yi kiranyen motocin 2011 da 2012 a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfe da ke lalata beyarin injin, daga baya aka haɗa da na 2013 da 2014. Duk mai son ta sai ya bincika ko an yi wa tasa wannan aiki.

Ta fuskar tsaro, daga ƙirar 2012 doka ta wajabta wa duk ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka na'urar da ke hana mota zamewa ta juya a kwana. Ga mai yara ƙanana kuma, motocin da aka ƙera daga Satumbar 2002 suna da maƙalan kujerar jariri a kujerar baya.

Me ake nufi da motar da kamfanin inshora ya sallama?

Idan mota ta yi haɗari a Amurka, kamfanin inshora yakan kwatanta kuɗin gyara da darajar motar a kasuwa kafin haɗarin. Idan gyaran ya kai wani kaso na darajar, sai ya biya mai motar kuɗinta, ya karɓe ta, ya kai ta gwanjo. Kason ya bambanta daga jiha zuwa jiha: a Oklahoma kashi 60 ne cikin 100, a New York 75, a Florida 80, a Texas kuwa 100. Manyan kamfanonin da ke gudanar da irin wannan gwanjo su ne Copart da IAA.

Ga misali don a fahimta. A ce Camry mai shekara goma darajarta Dala 8,000 ce. An buge ta ta gaba, bamba, bonet, fitilu biyu da lagireto sun tafi, garejin can ya yi lissafin Dala 6,500. Wannan ya haura kashi 80 cikin 100, don haka za a sallama ta ko da injin da ƙashin jikinta lafiya lau suke. Kuɗin aikin hannu a can yana da tsada ƙwarai, shi ya sa tsohuwar mota ba ta buƙatar babban haɗari kafin a yanke mata wannan hukunci. Ke nan hukuncin na lissafin kuɗi ne, bai faɗi girman ɓarnar ba. Mai saye ne zai binciko girman da kansa.

A takardar mallakar motar ta Amurka za a ga ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi. "Clean" na nufin ba a taɓa yi mata tambarin sallama ba. "Salvage" na nufin an sallama ta, ba ta hawa titi a can sai an gyara an duba. "Rebuilt" na nufin an gyara ta kuma hukuma ta amince ta koma titi. Idan kuwa aka ga "Certificate of Destruction", "Non-repairable" ko "Junk", hukumar can ta yanke cewa motar ba ta ƙara hawa titi, kayan jikinta kawai za a amfana da su. Irin wannan ba motar ɗaukar iyali ba ce, komai kyan gyaran da aka yi mata.

A Birtaniya tsarin haruffa ake bi tun Oktobar 2017: A da B ba sa komawa titi, S ta samu ɓarna a ƙashin jiki amma tana gyaruwa, N kuma ɓarnar ba ta taɓa ƙashin ba. Sai dai motocin can sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma dokokin hanya ba su yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba. Motar da aka mayar wa sitiyari hagu a gareji ita ma abar gudu ce, domin an taɓa birki, wayoyi da dashbod gaba ɗaya.

Ɓarnar da ake iya haƙuri da ita, da wadda ba a kusanta

Ana iya haƙuri da motar da ƙanƙara ta lotsa wa rufi da bonet, ko wadda aka sace aka gano bayan an riga an biya mai ita, ko wadda aka kankare wa fenti, ko wadda aka buga a bamba, ƙofa ko fenda ba tare da bugun ya shiga ciki ba. Waɗannan sassa da noti ake ɗaure su, ana kwancewa a saka wasu.

Iri uku ne ba a kusanta.

Na farko, motar da ruwa ya ci. Guguwar Harvey a Texas a 2017 ta nutsar da ɗaruruwan dubban motoci, guguwar Ian a Florida a 2022 ita ma ta nutsar da masu yawa, wasu a ruwan gishiri. Ruwa yakan shiga soket-soket na wayoyi da birenbos, tsatsa ta riƙa cin su a hankali. Motar za ta tashi lafiya ranar da aka saye ta, bayan wata shida sai fitilu su fara wasa, giya ta rikice, mai wayarin ya zama ɗan gida. Motar gida ma tana iya zama haka, domin ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 ta nutsar da motoci da dama.

Na biyu, motar da ƙashin jikinta ya lanƙwashe. Salun na zamani ba a kan wani firam daban aka ɗora ta ba, jikin ne gaba ɗaya ƙashinta. An tsara dogayen ƙarafan gaba su lotse a hankali su shanye ƙarfin karo, ginshiƙan ƙofofi kuma an yi su da ƙarfe mai tauri don ɗakin fasinja ya tsaya cak. Ƙarfen da ya taɓa lotsewa, aka gasa shi da wutar gas aka miƙar da guduma, ya rasa wannan ƙarfi. A karo na biyu ba zai kare kowa ba.

Na uku, motar da jakar iskarta, wato eyabag, ta fashe kuma ba a mayar da ta gaskiya ba. Bayani kan wannan yana tafe a mataki na huɗu.

Mataki na 1: Karanta lambar casis

Duk motar da aka ƙera daga 1981 don kasuwar Amurka tana da lamba mai harafi da alƙalami 17, wadda ake kira VIN. Babu haruffan I, O da Q a cikinta. Ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma a jikin sitikar da ke ginshiƙin ƙofar direba. A ɗauki hoton duka biyun, a kwatanta su da wadda ke takardun kwastan. Bambancin harafi ɗaya ya isa a fasa ciniki.

Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: 1, 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, K Koriya ta Kudu, W Jamus. Na goma kuma shekarar ƙira yake nunawa. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma 1 zuwa 9 ne. Daga nan A ita ce 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020.

Wannan yana da amfani saboda ana yawan canza wa mota fuska. A ɗauki Camry 2008 a saka mata bamba, giril da fitilun 2010, a sayar a farashin 2010. Idan harafi na goma 8 ne, motar 2008 ce, kuma injin 2.4 ɗin nan mai shan baƙin mai ne a cikinta idan mai silinda huɗu ce.

Mataki na 2: Binciko tarihinta a intanet

Abu mafi sauƙi shi ne a rubuta lambar gaba ɗaya a Google, a duba ɓangaren hotuna. Akwai shafukan da ke adana hotunan gwanjon Copart da IAA, don haka sau da yawa motar za ta fito yadda take kafin gyara, tare da irin ɓarnar da aka rubuta mata da kuma nisan tafiyar da mita ta nuna a ranar. Gani ya kori ji. A lura da inda aka buge ta, ko jakar iska tana reto a sitiyari, ko akwai layin laka a jikin kujeru. Kalmar "Water/Flood" tana nufin ruwa, "Rollover" ta wuntsila, "Burn" gobara, "Hail" ƙanƙara. "Run and Drive" kuma ba shaidar lafiya ba ce, abin da take nufi kawai motar ta tashi ta motsa lokacin da aka kawo ta filin gwanjo.

Sai shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, nhtsa.gov. A can ana fassara lambar kyauta, a ga ainihin shekara, girman inji da masana'antar da ta ƙera, sannan a ga ko akwai kiranyen gyara da ba a yi wa motar ba. Mafi girma a tarihi shi ne na jakunkunan iska na kamfanin Takata, kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai. Zafi da laima na shekaru suna lalata sinadarin da ke hura jakar, sai gwangwaninsa ya tarwatse ya watsa ƙarfe a fuskar mutum. Accord da Corolla na shekaru da dama suna cikin jerin.

Shafin nicb.org yana da binciken VINCheck na kyauta, sau biyar a cikin awa 24, wanda ke nuna ko kamfanonin inshorar da ke cikin ƙungiyar sun ba da rahoton sata ko sallama. Carfax da AutoCheck na kuɗi ne, amma suna kawo jerin masu motar, haɗurran da aka rubuta, da nisan tafiya a lokuta daban-daban. Idan rahoto ya nuna mil 180,000 shekara biyu da suka wuce, yau kuma mita tana nuna 95,000, an mayar da ita baya. A tuna kuma motar Amurka da mil take ƙirga: mil 100,000 kusan kilomita 161,000 ne.

Abubuwa biyu za a kiyaye. Mai saye ya ciro rahoton da kansa, domin hoton rahoto da aka turo ta WhatsApp ana iya sauya shi cikin minti biyar. Sannan rahoto mai tsabta ba ya nufin mota mai tsabta, domin ba ya ɗauke da haɗarin da ba a kai wa inshora ba, kuma ba ya sanin komai da ya faru bayan motar ta sauka a tashar Legas.

Mataki na 3: Duba jiki da rana tsaka

Ba a duba mota da daddare, ko a cikin ruwan sama, ko jim kaɗan bayan an wanke ta. A tsaya ta gaba a kalli ratar da ke tsakanin bonet da fenda hagu da dama, ya kamata su zo daidai. Haka ƙofofi da but. A buɗe bonet a duba notukan da ke riƙe da fenda: idan fentin kansu ya goge, an taɓa kwance su. A haska fitilar waya a kan dogayen ƙarafan nan biyu da suka taso daga bayan bamba zuwa ƙarƙashin gilashi, a nemi alamar walda, lanƙwasa ko sabon baƙin fenti. A ɗaga shimfiɗar but a duba ramin safaya, nan ne bugun baya yake ɓuya.

Motocin Toyota da Honda da yawa na kasuwar Amurka suna da ƙananan sitika masu ɗauke da lambar casis a jikin bonet, fenda, ƙofofi da murfin but. Sashen da ba shi da ita, alhali sauran suna da ita, an canza shi ko an sake masa fenti. Ƙaramar na'urar auna kaurin fenti ma tana taimakawa. Fentin kamfani yakan tsaya tsakanin maikron 100 zuwa 180, idan wani wuri ya ninka sauran sau biyu ko uku, akwai sabon fenti ko fila a ƙasa. Wanda ba shi da ita zai iya amfani da ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle: inda fila ta yi kauri ba ya kamawa sosai.

Don gano ruwa, a janyo bel ɗin kujera har ƙarshensa a nemi tabo ko layin laka. A leƙa ƙarƙashin kujeru a duba tsatsa a jikin dogo da notuka, a ɗaga kafet a taɓa soson da ke ƙasa, a duba akwatin fis ko akwai yashi ko kore-kore a bakin wayoyi. Tsohuwar mota mai sabon kafet fil, ko wadda aka cika wa turare, tana buƙatar ƙarin tambaya.

Tayoyi ma suna da ranar haihuwa. Alƙaluma huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT mako da shekara ne: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta cinye ta gefe guda kuma alama ce ta ƙafar da ba ta zauna daidai ba.

Mataki na 4: Jakar iska da fitilun dashbod

A murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da an tayar da inji ba. Dole a ga fitilar inji, ta ABS, ta baƙin mai, ta batir da ta jakar iska duk sun kama. Wadda ba ta kama ba, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Fitilar jakar iska takan yi kamar daƙiƙa shida ta mutu da kanta, ko an tayar da inji ko ba a tayar ba. Idan ba ta mutuwa sai an tayar, kuma tare da fitilar baƙin mai take mutuwa, akwai yiwuwar an haɗa wayoyinsu ne don a rufe ido.

Jakar iska sau ɗaya take aiki, haka ma abin da ke fizgar bel ya ɗaure mutum lokacin karo. Gyaran gaskiya yana buƙatar sabuwar jaka, sabon bel, da gyara ko canza kwamfutar da ke kula da su. Gyaran ha'inci kuwa shi ne a liƙe murfin sitiyari ba komai a ciki, a saka ɗan rezisto a soket don kwamfuta ta ɗauka jakar tana nan. A duba murfin sitiyari da dashbod ta gefen fasinja ko akwai alamar gam, ɗinki ko bambancin launi. Bel ɗin da ya maƙale ba ya komawa shi ma alama ce.

Mataki na 5: Sikanin da waya

Duk motar fetur da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD2. Ana soka masa ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth, a haɗa da manhaja irin Car Scanner ko Torque. Masu iPhone su tabbatar na'urar da za su saya tana aiki da wayarsu, domin ba duka ba ne.

Lambobin matsala da aka fi gani sun haɗa da P0300, inji yana tsallake wuta, P0171, iska ta fi mai yawa, da P0420, matatar hayaƙin salansa da makanikai ke kira indomi ta mutu ko an cire ta. Lambobin da suka fara da P07 na giya ne, kuma su ne masu cin kuɗi.

Rashin ganin lamba ba ya wadatarwa, domin ana iya goge su minti goma kafin mai saye ya iso. A nan ne manhaja ke tona asiri. Kwamfutar mota tana da jerin gwaje-gwajen da take yi wa kanta yayin tafiya, kuma da zarar an goge lambobi ko an cire batir, duk sai su koma matsayin ba a kammala ba. Motoci da yawa suna kuma nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Idan aka ga kilomita 3, sai a yi tafiya mai ɗan nisa a sake sikanin. Motocin 2010 zuwa sama suna da wani rukunin lambobi na dindindin da sikana ba ta iya gogewa, sai kwamfutar ta tabbatar da kanta cewa an gyara matsalar.

A duba zafin ruwan inji bayan tafiya. Ya kamata ya zauna wajen digiri 85 zuwa 100. Idan ya ƙi wuce 70, wataƙila an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, abin da ke ƙara shan mai, kuma wani lokaci ana yin sa ne don ɓoye injin da ke zafi. Cajin batir kuma ya kasance tsakanin bolt 13.5 zuwa 14.7 idan inji yana aiki.

Ƙaramar na'urar nan yawanci inji kaɗai take karantawa. Jakar iska da ABS suna buƙatar babbar sikana irin ta Autel ko Launch da ke wurin masu gyaran lantarkin mota. Ga motar gwanjon inshora, wannan sikanin ba zaɓi ba ne, dole ne.

Mataki na 6: Tuƙin gwaji

A nemi a tarar da injin da sanyinsa, domin ƙarar sarƙa da shuɗin hayaƙi a tashin farko suke fitowa. A yi aƙalla minti ashirin, a bi titi mai kyau da mai gargada, da esi a kunne. A miƙaƙƙen titi a lura ko motar tana ja gefe guda, ko sitiyari ya karkace alhali ana tafiya sak. Giya ta riƙa shiga ba fizga ba jinkiri. Bayan an dawo a kai ta gareji a ɗaga ta, makanikin da mai saye ya zo da shi ya duba ƙasa, ba wanda dillali ya kawo ba. Mai motar da ya hana sikanin ko ɗagawa ya riga ya ba da amsa.

Takardu

Takardar duti ita ce ta farko. Dokar hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa ta fara aiki ne a ranar 1 ga Janairun 2017, don haka motar da aka ce ta Kwatano ce tana buƙatar a tantance takardunta a ofishin kwastan kafin a biya. Motar da ba a biya wa duti daidai ba ana iya ƙwace ta a hanya, ko da a hannun mutum na uku take. Idan mai lamba ce, ana duba lambar a shafin nvis.frsc.gov.ng na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, inshorarta kuma a askniid.org. A rubuta yarjejeniyar ciniki da lambar casis a ciki, da shaidu, da kwafin katin shaidar mai sayarwa, sannan a biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa. Bayan saye a yi canjin mallaka ba tare da jinkiri ba. Inshorar dole ta ƙananan motocin gida Naira 15,000 ce tun Janairun 2023, kuma ɓarnar da aka yi wa wani take biya, har Naira miliyan 3, ba ta gyara motar mai ita.

Yadda za a yanke shawara

Motar da kamfanin inshora ya sallama tana iya zama sayayya mai kyau idan sharuɗɗa huɗu suka cika: an ga hotunanta kafin gyara, ɓarnar ba ta taɓa ƙashin jiki ba kuma ba ruwa ba ne, babbar sikana ta tabbatar da jakunkunan iska, sannan farashinta ya yi ƙasa a fili da na takwararta da ba ta taɓa haɗari ba. Ragin nan haƙƙin mai saye ne, domin ranar da zai sayar, wanda zai saya shi ma zai rubuta lambar a Google ya ga hotunan nan. Idan sharaɗi ɗaya ya faɗi, a bar ta a duba ta gaba.

Kada kuma a zuba duk abin da aka tara a kuɗin saye. Tokumbo ko ta gida, a makon farko tana buƙatar sabon baƙin mai da filta, duba birki, wataƙila tayoyi da batir, ga rajista da inshora. Wanda kuɗinsa ya tsaya daidai kan Camry 2012 da aka gyara ba tare da ya ga hotunanta ba, gara ya sauko kan Corolla 2010 da ya san tarihinta, ya riƙe canjin don waɗannan hidimomi.